Ɗigo Ɗaya a Daƙiƙa Uku: Ƙarin Ruwan Amino Asid

Ga kwalbar da kuka dame mu da tambaya a kanta. Wasu na kiranta ruwan ƙarfi, wasu ruwan ƙiba. A asibiti sunanta amino asid, wato tubalan da jiki ke gina tsoka da su, irin waɗanda muke samu a nama da wake da ƙwai. Iri 20 ne, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya haɗa su da kansa.

An yi ta ne don wanda hanjinsa ba zai iya karɓar abinci ba, kamar wanda aka yi wa babbar tiyatar ciki ko jariri bakwaini. Kwalbar rabin lita mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, giram 50 ne a cikinta, kusan abin da ke cikin ƙwai takwas. In kana iya haɗiye tuwo, ni dai shawarata ka nufi wajen mai shayi, ya fi araha.

To, ku matso kusa. Kun ga wannan ɗan maƙullin mai taya a jikin robar, mai ƙara gudun ruwan ko rage shi? Nan ake ɓarna.

La'asar ta yi, mai jinya na so ta kama keke zuwa Rigasa kafin magariba, ruwa kuma kamar ba ya motsi. Nas na juya baya, sai ta ɗan murza tayar sama. Ai taimako ta yi, a ganinta.

Mu yi lissafi. Ga babban mutum, irin wannan ruwan ba a so ya wuce mililita 1 a awa ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60, mililita 60 ke nan a awa. Da robar da aka saba amfani da ita, ɗigo 20 ne a minti. Ku ƙirga da ni. Ɗaya... biyu... uku... ɗis. Ɗaya... biyu... uku... ɗis.

Haka zai yi ta yi sama da awa 8 kafin rabin litar ta ƙare. E, da gaske.

Ba ruwan gishirin da aka saba sa wa mai gudawa ba ne. Yawan sinadarin da ke narke a cikinsa ya kai kusan ninki uku na jini. Dubi hannun nan: ja, kumburi, jijiya ta yi tauri kamar igiya. Shi ya sa masu ƙarfin sosai ta babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji ake sa su. In ya shiga da gudu, sai tashin zuciya, amai, rawar sanyi. Abin takaicin ma, jiki ba zai iya amfani da shi duka a lokaci guda ba, ƙoda ta zubar da wani a fitsari. Kuɗinka ya bi masai.

Mai ciwon ƙoda ko hanta kuwa, lamarinsa ya wuce amai. Dattin da ruwan ke bari yana iya taruwa a jininsa har ya rikice, don haka sai an gwada jini tukuna. Likita kan haɗa da gulukos, wato ruwan sukari, in ba haka ba jiki ya ƙone amino asid ɗin kamar itace maimakon ya yi gini da shi.

Sauran a gurguje. Ɗaga kwalbar a haske: ta yi gurɓi ko ta tsage, a mayar. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Yawancinsu ba sa son zafin da ya wuce digiri 25, kuma kun san Kaduna a watan Afrilu, balle bayan mota. Ba a tsira allurar wani magani a ciki. Ba ta wuce awa 24 a rataye, ragowar kuma ba a ajiye wa gobe. A falo, da ƙusa a bango da yaron kemis? Haba.

In ɗigon ya tsaya, ko wurin allurar ya fara zafi, cire hannunki daga tayar nan, Hajiya. Leƙa waje ki ce, "Sista, don Allah zo ki duba mana ruwan Baba."