Yadda korona ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa

A farkon annobar korona, cikin 2020, wata mata 'yar shekara 33 a birnin New York ta yi mako guda tana tari, ga ciwon kai, ga jin sanyi a jiki. Daga nan maganarta ta fara sarƙewa, hannunta da ƙafarta na hagu suka yi nauyi. Awa 28 tana zaune a gida, tana tsoron kada ta je asibiti ta kwaso korona. Ashe cutar tana jikinta.

Da aka ɗauki hoto, sai ga gudan jini a babbar jijiyar wuyanta ta dama. Ku lura, toshewar a dama take, amma hagu ne ya shanye, domin kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa ɗaya ɓarin jikin yake juyawa.

Ba ita kaɗai ba ce. Cikin mako biyu, likitocin asibitocin Mount Sinai sun karɓi mutum 5 masu korona da irin wannan toshewa, dukkansu ba su kai shekara 50 ba. A da, cikin mako biyu, ko mutum ɗaya mai irin shekarun nan ba sa cika gani.

To me ya haɗa ciwon numfashi da shanyewar ɓarin jiki?

Shanyewar iri biyu ce: ko jijiya ta fashe, ko ta toshe. Ta toshewa ce ta fi yawa, kuma ita muke magana a kai. Cikin jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa mai santsi, wadda jini ke bi ba ya maƙalewa. Korona na kumbura wannan shimfiɗa, ta yi kaushi. A lokaci guda garkuwar jiki ta harzuƙa, sinadaran da ke daskarar da jini su yawaita. Ku tuna yadda kunu ke yin gudaji idan ba a dama shi da kyau ba. Ga majinyaci kwance kwana da kwanaki, zazzaɓi ya ƙone ruwan jikinsa, wani kuma bugun zuciyarsa ya rikice har jini ya taru ya daskare a cikinta. Gudan nan in ya ɓalle, yana iya nufar ƙwaƙwalwa.

Kada dai hankali ya tashi fiye da kima. Wani bincike a asibitocin New York ya duba masu korona 1,916, ya sami kashi 1.6 cikin ɗari da wannan shanyewar. Kaɗan ne. Sai dai cikin masu mura mai tsanani kashi 0.2 ne kawai. Kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa dattawa ne masu hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya.

Da zarar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa kowane minti. Akwai allurar narkar da gudan jini, amma galibi cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Akwai kuma zaro gudan da siririn bututu ta jijiyar cinya, wanda wasu ake iya yi musu har zuwa awa 24. Matar nan duka biyun sun wuce ta.

A wajenmu ba tsoron korona kaɗai ke tsayar da mutane ba. Baki ya karkace, sai a ce iska ce, a kawo tofi da hayaƙi. A yi addu'ar, amma a cikin mota. Ka ce wa mutum ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunansa. Ɗaya ya gagara, ku tafi asibiti. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoton kai, don in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada a ɗura masa ruwa, yana iya shaƙewa. Sannan wani ya duba agogo, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce: ƙarfe nawa kuka gan shi lafiya ƙalau?