Turare a Zafin Sakkwato: 4711 ko CK One?

Nana: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau Yaya Aliyu ya shigo mana da kwalabe biyu, ɗakin duk ya gauraye da ƙamshin lemun tsami.

Aliyu: Ai dole, Nana. Wanga zafi na Afrilu da ke haura digiri 40, in ka shafa turaren ud mai nauyi ka shiga sahu, na kusa da kai sai kansa ya fara sarawa. Shi ya sa na ɗauko masu sanyi. Ga 4711, ɗan birnin Kolon na Jamus, tun ƙarshen ƙarni na 18 ake yin shi. Sunan ma lambar gidan da ake haɗa shi a wancan lokaci ce. Ga kuma CK One na Calvin Klein, ya fito a 1994, mace da namiji duk suna shafawa.

Nana: Miƙo 4711 ɗin, mai takarda shuɗiya da ruwan zinare. Kai! Kamar an ɓare lemu a gaban hancina.

Aliyu: Lemun tsami ne da lemun zaƙi da bagamot, wani ɗan lemu mai ɗaci da aka fi nomawa a Kalabriya, kudancin Italiya.

Nana: Amma Yaya, bari in tona maka asiri. Jiya na fesa shi bayan wanka, na hau keke Napep zuwa Babbar Kasuwa. Kafin in gama cinikin atamfa ɗaya, na sunsuna wuyan hannuna, babu komai sai zufa.

Aliyu: Ba laifinsa ba ne. Man ƙamshin da ke cikin irin wanga turare kaɗan ne, ga shi man ɓawon lemu ba ya da nauyi, zafin fata na taɓa shi sai ya bi iska. CK One yana da almiski a ƙarƙashi, da ɗan ƙamshin koren shayi, su ke riƙe shi. Ni in na fesa da hantsi, har azahar ina jin shi a wuyan riga.

Nana: A riga fa ka ce, ba a jiki ba.

Aliyu: Shadda ta fi fata riƙo. Sai dai kar a bar kwalbar cikin mota, rana na kashe irinsu da wuri. Na taɓa mance ɗaya mako guda, da na buɗe sai tsami.

Nana: Ni dai duk da haka 4711 nike so. Firij nike sa shi, in an ɗauke wuta da rana in ɗiga a hankici in goge wuya. Ƙamshin zuwa biki kuwa, humra na nan.

Aliyu: Wato kin mai da shi ruwan sanyi.

Nana: Mi ya fi shi a Afrilu? Sai dai ka saya mini babbar kwalba, wagga ta kusa ƙarewa.

Aliyu: Tawa ce fa, Nana!