Fodkas: Kai Baba yawon buɗe ido a Andalus

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau ina tare da Malam Aminu, wanda ya raka mahaifinsa kudancin Sifaniya. Malam, me ya sa kuka fara da Ƙurɗuba?

Aminu: Baba ne ya zaɓa, Malama Zainab. Ya shekara da shekaru yana karanta tafsirin Imam Ƙurɗubi a zaure, saboda haka yana son ya ga garin da malamin ya fito. Sai dai kafin mu shiga babban ginin garin na zaunar da shi na yi masa bayani cewa masallacin da Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Musulmin Andalus, ya fara ginawa wajen shekarar 785 ya koma coci tun 1236, lokacin da Sarki Ferdinand na Uku ya ci garin da yaƙi, kuma har yau ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba.

Zainab: Wannan bayani kuwa ya zama dole, domin dattijo irin Baba da ya ga mihrabi zai iya tayar da kabbara.

Aminu: Shi ya sa muka yi azahar a masauki kafin mu fito. Da muka shiga, ginshiƙai sama da 850 ne suka tare mu, kowane biyu da bakan gizo hawa biyu a kansu, ja da fari. Baba ya daɗe a gaban mihrabin Halifa Hakam na Biyu yana bin ayoyin da aka rubuta da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya, yana motsa leɓe. Cocin da aka fara ginawa a tsakiyar ginin a 1523 bai tsayar da shi sosai ba, ko da yake ya yaba da sassaƙar kujerun mawaƙa.

Zainab: Daga nan sai Ishbiliya, wadda mutanen ƙasar ke kira Sebiya. An ce hasumiyar Giralda, ta tsohon masallacin garin da aka gina babban coci a wurinsa, ta wuce mita 100. Da Baba kuka hau?

Aminu: Da shi, kuma abin da ya taimaka shi ne hasumiyar ba matakala aka yi mata ba, hanya ce mai hawa a hankali tana zagayawa. Muwahhidun, sarakunan Musulmi daga Maroko, su ne suka kammala hasumiyar a 1198. Yanzu ƙararrawar coci ce a samanta. Mun riƙa hutawa a bakin tagogi, ni ina riƙe da gorar ruwa da sandarsa. A ganina duk wanda zai kai tsoho can ya guji watan Yuli da Agusta, domin zafi kan haura digiri 40.

Zainab: Fadar sarauta fa?

Aminu: Alkazar tana kusa da cocin, kuma gidan sarautar Sifaniya na sauka a benenta har yanzu. Sarki Pedro na Ɗaya, Kirista, shi ya sa magina Musulmi suka gina masa sashen da ya fi kyau daga 1364. Baba ne ya fara hango rubutun Larabci a saman ƙofar, "Wa la galiba illallah", wato babu mai rinjaye sai Allah, ya tambaye ni ko sarkin ya san ma'anarsa. Tikitin fadar kuwa a saye shi ta intanet tun da wuri, a zaɓi lokacin safe, kafin layi ya yi tsawo a rana.