Gawa Ɗaya Cikin Dubu Arba'in: Abin da Ke Hana Mai Karatu Barci

Masu kallo, barkanku da war haka.

A watan Yulin 1942, wasu leburori suna kwashe ɓaraguzan wata majami'a da bam ya rusa a kudancin Landan, sai suka ɗaga wani faifan dutse suka ga gawa a ƙarƙashinsa. A lokacin, wannan ba abin da zai ɗaga hankalin kowa ba ne. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ne, daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941 jiragen Jamus sun yi ta yi wa biranen Birtaniya ruwan bama-bamai, mutum sama da 40,000 suka halaka. Da an ga dama, sai a naɗe ta a binne, a ce ita ma bam ne ya ci ta.

Likitan binciken gawa, Keith Simpson, ya ce a dakata tukuna. Bam ba ya barbaɗa wa gawa farar ƙasa irin ta magina, ba ya kuma jawo dutse ya rufe ta a tsanake. Da ya duba maƙogwaron, sai ya ga karaya irin ta wanda aka shaƙe. Likitan haƙori ya zo ya gane aikin hannunsa a bakin gawar: Rachel Dobkin ce, wadda ta ɓata tun Afrilun 1941. Mijinta Harry kuwa mai gadin gobara ne a ginin da ke maƙwabtaka da majami'ar. An rataye shi a Janairun 1943.

Wannan ya faru da gaske, amma a kan irinsa ne aka gina littattafan binciken kisan kai na zamanin yaƙi, waɗanda mutum zai ɗauka bayan isha'i da niyyar shafi biyu, sai ya ji kiran assalatu. Tambayar ita ce, mutum dubu arba'in sun mutu, me ya sa gawa ɗaya ce take riƙe mu?

Amsar da na fi gamsuwa da ita: yaƙi yana kashewa ba tare da ya san sunan kowa ba. Wanda bam ya faɗa wa, babu wanda za a kama, babu kotun da za a je. Labarin bincike kuwa sai ya tsame mutum ɗaya daga cikin tarin, ya ce wannan tana da suna, akwai wanda ya nufe ta ita kaɗai, kuma sai an gano shi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mai karatu yana bin shafuka ne don ya ga wannan ranar, wadda yaƙi bai taɓa ba kowa ba.

Sai kuma duhu. Tun 1 ga Satumban 1939 aka kafa dokar kashe fitilu a Birtaniya. An rufe tagogi da baƙin ƙyalle, an kashe fitilun titi, har na mota an toshe su sai 'yar kafa. An yi haka ne don matuƙan jiragen abokan gaba, amma mugun da ke cikin gari ya fi kowa cin moriyarsa. A Fabrairun 1942 wani sojan sama mai suna Gordon Cummins ya kashe mata huɗu a Landan cikin ƙasa da mako guda. Abin da ya tona masa asiri shi ne jakar takunkumin kariya daga hayaƙi mai guba da ya yar garin gudu, lambarsa ta soja na jiki. A Balin, babban birnin Jamus, ma an yi wani ma'aikacin jirgin ƙasa, Paul Ogorzow, da ya kashe mata takwas tsakanin 1940 da 1941, akasarinsu a cikin jiragen da ke tafiya ba fitila. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro wani gida mai ban tsoro a bayan gari, birnin gaba ɗaya ya zama haka.

Amma abin da ya fi duhu daɗi ga marubuci shi ne sirri. A zaman lafiya, wanda ya ƙi faɗin inda ya kwana, shi ake fara zargi. A yaƙi kuwa kowa yana da izinin yin shiru. Miji zai ce wa matarsa ba zai iya faɗin inda yake aiki ba, kuma gaskiyarsa ne. Baƙo zai sauka a gari da sabuwar takardar shaida, ya ce gidansa da danginsa duk sun ƙone, wa zai bincika? Shaidar da ɗan sanda yake nema gobe, yau an tura shi fagen daga. Ga shugabansa yana ce masa ƙasa na ci da wuta kai kana bin gawar mace ɗaya. Wani sa'in ma wanda ake zargin hafsa ne da ƙasar take ganin ba za ta iya rabuwa da shi ba.

Wanda ya fi kowa cin amanar wannan yanayi shi ne Dokta Marcel Petiot na birnin Faris, lokacin da Jamus ke mamaye da Faransa. Yana ce wa masu neman tsira, yawancinsu Yahudawa, zai fitar da su zuwa Kudancin Amurka. Su zo da kuɗinsu da akwatunansu, kuma kada su gaya wa kowa. Da yawansu ba su gaya ba kuwa, don haka ba a yi saurin nemansu ba. Sai a Maris na 1944 maƙwabta suka kai ƙarar wani hayaƙi mai wari da ke fita daga gidansa. Kotu ta same shi da laifin kashe mutum 26.

Ita kanta Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar irin waɗannan littattafai, a ɗakin haɗa magunguna na asibiti ta koyi sha'anin guba lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jami'in bincikenta na farko kuma ɗan gudun hijira ne daga Beljiyam.

Yanzu mu koma ga ɗan'uwan labarin bincike, labarin fatalwa da abubuwan ɓoye. Shi daga wani ciwo daban ya fito: mamacin da ba a ga gawarsa ba. A Thiepval da ke Faransa akwai wani katafaren gini ɗauke da sunayen sojoji sama da 72,000 da suka ɓata a fagen daga na Somme a Yaƙin Duniya na Ɗaya, babu kabarin ko ɗaya da aka sani. Ku tuna da iyayensu mata. Takarda kawai aka aiko musu, ba wanka, ba likkafani, ba makara. Shi ya sa bayan 1918 kasuwar masu iƙirarin magana da matattu ta buɗe a Ingila. Har Arthur Conan Doyle, mutumin da ya ƙirƙiro jami'in binciken da ba ya yarda da komai sai hujja, ya ƙare rayuwarsa yana yawon wa'azin wannan aƙida. Ɗansa Kingsley ya rasu a 1918, bayan ya ji rauni a Somme. Mu dai mun san hukuncin zuwa wurin boka a addini, amma ba sai ka yarda da abin ba kafin ka gane ƙishin da ya kai su.

Mai karanta labarin fatalwa yana ɗanɗana wannan ƙishin ne daga nesa, yana kan katifarsa, ƙofa a kulle. Kamar yaran da ake yi wa tatsuniyar Dodo ne, suna maƙale da zanen kaka, amma da ta yi shiru sai su ce a ci gaba.

Sai dai ina da ƙorafi a kan wasu marubutan da ke haɗa nau'ukan biyu. Idan ka sa ni na bi sawu har shafi ɗari uku, sannan fatalwa ta fito a mafarki ta nuna makashin da yatsa, ka cuce ni. Wanda ya iya, yakan bar ka cikin shakka har ƙarshe: abin da ke motsi a saman bene, ruhi ne ko kuwa mutum ne mai son a ɗauka ruhi ne?

Wannan shakkar ta taɓa shiga kotu da gaske. A Nuwamban 1941 Jamusawa suka nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya HMS Barham, mutum sama da 800 suka tafi, hukuma ta ɓoye wa jama'a labarin har Janairu. Ana cikin haka sai aka ce wata mata 'yar Sikotilan mai iƙirarin magana da matattu, Helen Duncan, ta sanar a wani zamanta na kiran ruhohi a garin Portsmouth na Ingila cewa ruhin wani matuƙi ya gaya mata jirgin ya nutse. Matar nan an taɓa kama ta da damfara a 1933, kuma an riga an sanar da iyalan mamatan a asirce, saboda haka maganar tana da hanyar fita ba sai ta wurin ruhi ba. Duk da haka, a 1944 aka gurfanar da ita ƙarƙashin Dokar Maita ta 1735, aka ɗaure ta wata tara. Wasu na ganin tsoro ne ya sa, don lokacin sojojin Birtaniya da ƙawayenta na shirin tsallaka teku zuwa Normandi da ke Faransa don yaƙar Jamus, ba a son ko da ƙishin-ƙishin ya fita. Firaminista Churchill da kansa ya rubuta wa ministan cikin gida yana tambayar dalilin ɓata lokacin kotu a kan tsohon shirme irin wannan. Majalisa ta soke dokar a 1951.