Kafin Ka Buɗe Gidan Motsa Jiki: Inda Jari Ke Tafiya da Inda Haɗari Yake

Masu kallonmu, barkanku da wannan lokaci. Duk wanda ya taɓa shiga gidan motsa jiki da yamma, ya ga mutane suna jiran na'urar gudu, ga ƙarar ƙarafa ta ko'ina, zai iya fita da tunanin cewa mai wurin kuɗi kawai yake kwasa. Wannan tunani ya jefa mutane da dama cikin sana'ar ba tare da cikakken lissafi ba. Yau za mu bi sawun kuɗin tun daga ranar da aka kama haya, mu ga inda yake tafiya da kuma inda masu farawa suka fi yin tuntuɓe.

Yawancin mutane da kayan aiki suke fara lissafi, amma gini ne yake fara cin jari. Ana buƙatar wuri mai faɗi, mai dogon rufi da wadatar iska, kuma masu irin waɗannan gine-gine sukan nemi yarjejeniyar haya ta shekaru, tare da kuɗin ajiya tun kafin su miƙa mabuɗi. Bayan an karɓi mabuɗin kuma, sai an shimfiɗa roba mai kauri don kada ƙarfe ya fasa daɓe, a kafa madubai, a gyara banɗakuna da wuraren wanka da na canza kaya, a sake jan wayoyin lantarki da za su iya ɗaukar nauyin injuna da na'urorin sanyaya ɗaki. Idan wurin a saman bene yake, wajibi ne injiniyan gini ya tabbatar cewa zai jure nauyin ƙarafa, a kuma yi la'akari da mazauna ƙasa, domin ƙarar ƙarfen da aka saki tana ratsa gini. Duk tsawon watannin da ake wannan gyara, haya tana tafiya, alhali babu mutum ɗaya da ya biya komai.

Sai kayan aiki. Ƙarafan ɗagawa da bencina suna daɗewa, ana iya sayen na hannu ba tare da fargaba ba. Na'urar gudu kuwa tana da injin lantarki, ita da keken motsa jiki kuma suna da bel da allon lantarki, kuma su ne suka fi saurin lalacewa. A nan mai ƙaramin jari yakan yi kwaɗayin sayen irin waɗanda aka ƙera don amfanin gida, saboda sauƙin farashi. Araha ba ta ado. Na'urar da aka tsara don mutum ɗaya ya hau na ɗan lokaci a rana ba za ta jure aikin safe zuwa dare ba, kuma yawanci garantin kamfani yakan faɗi da zarar an sa ta a wurin kasuwanci.

Duk wannan kuɗi ne da ake kashewa sau ɗaya. Abin da ya fi kashe sana'ar shi ne kuɗin da ake biya kowane wata: haya, wutar lantarki, ruwa, albashin masu horarwa da masu shara da mai karɓar baƙi, gyaran injuna, inshora, haraji, da biyan bashi idan da rance aka fara. Waɗannan ba sa raguwa don mutane sun ragu. Ko mutum 20 ne suka zo a rana ko 200, fitilu a kunne suke, ma'aikata kuma suna jiran ƙarshen wata.

Saboda haka lissafin da ya kamata a fara yi shi ne na yawan mambobi. Mu ɗauka, a matsayin misali, sai da kuɗin wata na mutum 300 za a iya biyan dukkan waɗannan buƙatu. Mu kuma ɗauka cewa cikin kowane mutum 100, biyar suna daina zuwa duk wata. Ke nan sai an samo sababbin mutum 15 kowane wata kafin a tsaya inda ake, ba a ma yi maganar riba ba. A ganina, wannan zubewar mambobi ita ce babban haɗarin sana'ar, domin ba a jin ƙararta. Mutum yakan yi rajista da zafinsa, ya yi mako uku yana zuwa, sai aiki ko gajiya ko kasala su sha kansa, daga nan ba a sake ganinsa. A Amurka da Turai an san watan Janairu da cikar gidajen motsa jiki saboda ƙudurin sabuwar shekara, amma ba a yin nisa cunkoson yake raguwa. Wanda ya gina lissafinsa a kan watan da ya fi cika ya yaudari kansa.

Akwai kuma tarkon kuɗin shekara. Don a tara kuɗi da wuri, akan yi rangwame ga wanda zai biya na wata 12 a dunƙule. Kuɗin yana da daɗin karɓa, amma bashi ne a wuyan mai wurin, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan aka kashe shi duka a wata na farko wajen ƙawata wuri, sauran wata 11 za a yi wa mutumin hidima ne ba tare da wani abu na shigowa daga gare shi ba.

Haɗarin rauni ma ba abin wasa ba ne. Ƙarfe yana iya suɓucewa, igiyar na'ura tana iya tsinkewa, kuma mai ciwon zuciya da bai san yana da shi ba yana iya yanke jiki ya faɗi. Takardar da mamba ke sa wa hannu cewa ya ɗauki alhakin kansa ba lallai ba ne ta wanke mai wurin idan aka tabbatar da sakaci. Shi ya sa inshora, ƙwararrun masu horarwa da suka iya taimakon gaggawa, na'urar farfaɗo da zuciya, da rubutaccen tarihin duba injuna suke cikin jarin farko. Lasisi da ƙa'idojin kashe gobara kuwa sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a tambayi hukumar da abin ya shafa kafin a sa hannu a haya.

Wani haɗarin kuma daga waje yake zuwa. A shekarar 2020, da annobar korona ta sa gwamnatoci suka rufe wuraren taruwa, kamfanin gidajen motsa jiki na Gold's Gym, wanda aka kafa tun 1965 a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Mayu. A watan Yuni kamfanin 24 Hour Fitness ya bi sahu, ya rufe rassa fiye da 100. Waɗannan manya ne masu suna, amma haya da bashi ba su tsaya ba a lokacin da ƙofa take kulle.

Wanda ya ƙuduri aniyar shiga duk da haka, ya fara sayar da rajista tun ana gyaran gini, domin ya ga ainihin yawan masu niyyar biya. Ya roƙi mai gida ya ɗaga masa haya na watannin gyara. Ya fara da injuna kaɗan masu inganci, ya ƙara idan mambobi sun ƙaru. Sannan ya ware kuɗin gudanarwa na aƙalla wata shida a asusu daban, kada ya taɓa shi don sayen ƙarin na'ura ko allon talla.