Gidajen Injin Cornwall: Abin da Matafiyi Ke Gani a Bakin Hanya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamaina, ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Zan yi magana a kan Cornwall, wani yanki da ke can ƙurewar kudu maso yammacin Ingila, wanda teku ta kusa kewaye shi, kuma na tsara abubuwa huɗu: gidajen inji, tsibin farar ƙasa, tasoshin jiragen ruwa, sai kuma mutanen da suka watse duniya bayan aikin ya mutu.

Duk wanda ya bi babbar hanyar A30 ya doshi Redruth da Camborne, zai fara hango wasu gine-ginen dutse a kan tuddai, dogaye, marasa rufi, kowanne da bututun hayaƙi a jikinsa. Ranar da na fara ganinsu ta tagar mota na ɗauka kufan majami'u ne, har na faɗa wa wanda ke tuƙa ni haka, ya yi dariya ya ce ai waɗannan sun fi majami'u yawa a ƙasarsu. Gidajen injin tururi ne na ramukan kuza da tagulla, kuma fiye da 200 na nan a tsaye.

To, me injin yake yi? Ruwa yake ja. Ina roƙon ɗalibai su rubuta wannan, domin in an fahimce shi an fahimci rabin laccar. Kuzar Cornwall tana cikin jijiyoyin dutse ne da suka nutsa ƙasa, dole a bi su da rami, kuma duk ramin da ya yi zurfi a ƙasar da ake ruwan sama kusan shekara guda cur, rijiya ce. Wanda ya san jigo a fadama ya riga ya san wannan inji: gungume ne a kan madogara, gefe ɗaya ya sauka, ɗaya ya tashi da ruwa. Bambancin kawai shi ne gungumen na ƙarfe ne, tururi ke jan kansa daga cikin ɗaki, ɗaya kan kuma ya leƙo waje a bisa bakin rami yana ɗaga sandar famfo. Shi ya sa in kun matsa kusa za ku ga bango ɗaya ya fi sauran ukun kauri nesa ba kusa ba, domin shi ne madogarar jigon. Injin ramin Taylor a East Pool, wanda kamfanin Harvey na garin Hayle ya ƙera a 1892, gungumensa kaɗai tan 52 ne, kuma bai daina aiki ba sai 1954.

Ga inda abin ya fi burge ni, ku yi mini haƙuri in daɗe a nan. Cornwall ba ta da kwal ko kaɗan. Kowane dunƙule sai an ɗauko shi a jirgin ruwa daga kudancin Wales, sannan a ɗora wa alfadarai su hau tudu da shi. Saboda haka mai rami ba ya tambayar ƙarfin inji kafin ya tambayi cinsa. Daga 1811 aka riƙa buga rahoto kowane wata, ana jera injuna da sunayen ramukansu, ana nuna ruwan da kowanne ya ɗaga da mudu guda na kwal, in ji mu. Ku duba fa, injiniya ya wayi gari ya ga injinsa a ƙasan jeri, maƙwabcinsa a sama! Wannan kunyar ta yi aikin da kuɗi ba su yi ba. Richard Trevithick, ɗan yankin, shi ya dage a kan tururi mai matsanancin ƙarfi bayan haƙƙin mallakar James Watt a kan injin tururinsa ya ƙare a 1800, kuma shi ne ya hau tudun Camborne da keken tururi a jajiberin Kirsimeti na 1801. Tsadar kwal ce ta koya musu tattali, ruwa kuma ya hana su hutawa, domin injin ba ya tsayawa dare da rana, har ranar Lahadi. Da wannan jigon aka kai ramin Dolcoath zurfin da ya haura mita 1,000. A Levant da Botallack, inda gidajen injin ke manne da gaɓar dutse igiyar ruwa na dukan gindinsu, an bi jijiyar har ƙarƙashin teku, kuma mahaƙa sun ba da labarin jin duwatsu na gangarawa a bisa kawunansu idan teku ta yi fushi. A Levant ɗin ne, ranar 20 ga Oktoba 1919, injin da ke hawa da saukar da ma'aikata ya karye, mutum 31 suka mutu.

Na ce ruwa, kuma zan sake cewa ruwa, domin ko bayan an rufe rami maganarsa ba ta ƙare ba. An kashe famfunan ramin Wheal Jane a 1991, ramin ya cika, a Janairun 1992 ruwa mai tsatsa da guba ya ɓalle ya rine kogin Carnon har mashigar Fal.

Shugaba yana nuna mini agogo. Abu na uku, ko na biyu ne, to, farar ƙasa: kusa da St Austell za ku ga fararen tsibi kamar dalar gyaɗa, sharar haƙar ƙasar tangaran ce, kuma a cikin wani tsohon raminta aka buɗe lambun tsirrai na Eden Project a 2001. Tasoshi irin su Portreath da Hayle, a da tagulla suke aikawa birnin Swansea na Wales a narkar, jiragen su dawo da kwal. Da farashin tagulla ya faɗi a 1866, dubban mahaƙa suka kama hanyar Ostireliya da Amurka da Afirka ta Kudu. Farashin kuza ya rushe a 1985, South Crofty, rami na ƙarshe, ya rufe a 1998, UNESCO kuma ta sanya yankin cikin kayan tarihin duniya a 2006.

Na ga hannu a baya. Bismillah.

Ga waɗanda ba su ji ba, malam yana tambaya me ya sa Jos, da ita ma ta yi zamanin kuza, ba ta da irin waɗannan gine-gine. Madalla da wannan tambaya. Kuzar Filato galibinta a cikin yashi da tsakuwar tsoffin koguna take, ba a bin ta cikin dutse, buɗe ƙasa ake yi a wanke. A Cornwall ruwa ne abokin gaba, a Jos kuwa ruwa ake nema, har madatsai aka gina domin wanki, kuma rani shi ne lokacin wahala. Don haka abin da ya rage a bakin hanyar Bukuru shi ne kududdufai da tuddan ƙasa. Amma akwai alaƙa ta gaskiya: mahaƙan Cornwall da ɗaliban makarantar ma'adinai ta Camborne sun yi aiki a Filato, kuzar Najeriya da ta Malaya mai sauƙin haƙa tana cikin abin da ya karya kasuwar ramukansu masu zurfi, sannan shekaru da dama kuzar Jos a Ingila ake narkar da ita, kafin a kafa masana'antar Makeri a Jos a farkon shekarun 1960. Tun kafin zuwan Turawa kuwa mutanen garin Liruwe suna narkar da ita da kansu, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwar Kano. Wannan kuma, malam, sai shugaba ya ba mu wata rana.