Abin da ke bayan rawar "This Is America"

Assalamu alaikum, masu kallonmu. A ranar 5 ga Mayun 2018 ne Donald Glover, mawaƙin gambarar zamani ɗan Amurka da aka fi sani da Childish Gambino, ya saki waƙarsa mai suna "This Is America" tare da bidiyonta, kuma a makonta na farko ta haye matsayi na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙi 100 da suka fi tashe a Amurka. Bidiyon ya taka rawa sosai a wannan nasara, domin tun 2013 Billboard take sanya yawan kallon da aka yi wa waƙa a YouTube cikin lissafinta, wannan kuwa bidiyo ne da kallo ɗaya ba ya isar mutum.

Ni kaina a teburin wani mai shayi a Samaru na fara ganinsa, a wayar wani ɗalibi da ya mayar da shi baya har sau uku, shayinsa na hucewa.

Hiro Murai ne ya ba da umarni, kuma a cikin wani ƙaton sito aka ɗauki komai. Glover ya fito babu riga yana rawa, sai ya zaro bindiga ya harbi wani mutum da aka rufe wa kai da ƙyalle. Ku tsaya a nan ku duba da kyau. Wani yaro ya rugo da jan ƙyalle ya karɓi bindigar cikin ladabi, kamar wanda aka miƙa wa ƙwai, ita kuwa gawar sai aka ja ta a ƙasa aka kawar. A ganina duk maganar waƙar tana cikin waɗannan daƙiƙu, domin an nuna ƙasar da ƙarfe ya fi ran baƙar fata daraja. Can gaba Glover ya buɗe wa mawaƙan coci wuta, abin da ya tuna wa jama'a kisan baƙaƙen fata tara a wani coci a birnin Charleston a 2015.

Duk wannan na faruwa ne yayin da 'yan makaranta cikin kayan makaranta suke cashewa a gaba, har da rawar gwara-gwara ta Afirka ta Kudu. Ido yakan bi rawar, ya manta da tarzoma da farin dokin da ke wucewa a baya, kuma da gangan aka tsara hakan.

A Fabrairun 2019 waƙar ta lashe kyaututtuka huɗu na Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa a Amurka, ciki har da gwarzuwar waƙar shekara, wadda waƙar gambara ba ta taɓa samu ba kafin nan.

Tasirinta ya iso gida cikin makonni uku, lokacin da mawaƙin Najeriya Falz ya fitar da kwaikwayonta mai suna "This Is Nigeria". Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta nemi ya janye bidiyon saboda 'yan mata masu hijabi da aka nuna suna rawa, shi kuwa ya ce 'yan matan Chibok suke wakilta. A watan Agustan shekarar hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Najeriya, NBC, ta hana sanya waƙar a gidajen rediyo da talabijin, amma ta ci gaba da yawo a wayoyin matasa daga Sabon Gari har Tudun Wada.